Kafin ka mai da gidan gado bene ko shaguna a Nima: kurakuran da aka fi yi

Yanzu a unguwannin Nima da Mamobi duk gidan da ɗansu ya turo kuɗi daga Amurka ko Jamus magana ɗaya ce, a rushe gidan gado a tada bene, ƙasa shaguna sama ɗakunan haya. Ba laifi bane wallahi, fili ya yi tsada a Ankara, wato Accra, babban birnin Ghana. Amma fa filin ne kawai naku, gwata da bututun famfo da taransifoma da lungu na unguwa ne gaba ɗaya, kuma an yi su ne da lissafin gidajen ƙasa na zamanin kakanninmu, ba da lissafin benenka ba.

Inda aka fi fara zamewa shi ne mutum ya ɗauka tunda takardar fili na hannunsa shikenan zai gina abun da ya ga dama. Takardar hukumar filaye, wato Lands Commission, tana nuna fili naka ne, amma me za a yi a kansa, gidan zama ko kasuwanci, wannan tsarin asambali, wato majalisar ƙaramar hukuma, ne ke faɗa. Dokar tsara amfani da filaye ta 2016, wadda ake kira Act 925, ita ta ba asambali wannan hurumi, akwai kwamitin tsara gari da ke duba buƙatar canja amfanin fili. Nima tana ƙarƙashin asambalin Ayawaso East, Mamobi kuma Ayawaso North. Ka je can tun kafin ka biya mai zana fulan, ka tambaya me aka ware wa wajen, ya fi maka ka tashi da safe ka tarar da jan fenti a bango an ce a tsai da aiki a kawo famit, wato takardar izinin gini, ga siminti a ƙasa yana shan raɓa.

Sai kuma lissafin ɗaki maimakon lissafin mutane, wannan shi ya fi bani haushi. Maigida zai ce ɗaki 24 ne kawai, to ɗaki ke shan ruwa? Ka ɗauka gidan da mutum 30 ke ciki ya koma na mutum 90, ka ba kowa lita 50 a rana, wanka da girki da wanki da alwala, lita 4,500 kenan kullum, tankin lita 5,000 da kake alfahari da shi kwana ɗaya zai yi. Ruwan Ankara daga matatun ruwa na Weija da Kpong yake zuwa kuma duk mun san ba kullum famfo ke buɗewa ba, ranar da ya buɗe ma ƙarfinsa ba lallai ya hau bene ba. Gyaran nan ba wuya, ka samu yaro ya rubuta maka ranakun da ruwa ya zo na wata ɗaya cur, da ƙarfe nawa ya zo ƙarfe nawa ya ɗauke, ka kai ofishin Ghana Water ka tambayi girman bututun layinku, sannan ka sa tankin ƙasa da injin turo ruwa cikin fulan tun farko.

Gwata kuwa, don Allah kar ka duba ta a watan Disamba lokacin hunturu tana bushe ka ce lafiya lau. Ka tsaya bakinta a watan Yuni ana tsakiyar ruwa. Tsakar gida irin ta da, mai ƙasa, tana shanye ruwa, kai kuma ka zo ka shafe ko'ina da kankare da tayil ka ƙara faɗin rufi, duk ruwan nan lokaci guda zai faɗa gwatar da dama bola ta cika ta, daga nan babbar gwatar Nima, daga nan kogin Odaw har tafkin Korle. Wanda ya ga daren 3 ga Yuni 2015 a shataletalen Kwame Nkrumah da ake kira Circle, ambaliya ga gobarar gidan mai, mutum sama da 150 suka rasu, ba sai an yi masa bayani ba. Ka bar wani ɓangare ba kankare, ka tara ruwan rufi a tanki, in hali ya yi ka ɗaga daɓen shagunan sama da bakin gwata.

Wuta ba zan daɗe a kai ba. Fanka da talabijin daban, firiza uku na mai kaji da injin walda da na niƙa daban. Injiniya ya haɗa maka jimlar nauyin, ka kai kamfanin wutar lantarki na ECG su faɗa ko taransifomar za ta ɗauka, kuma ka duba ƙwan lantarkin layinku da ƙarfe bakwai na dare, in yana dishi-dishi tun yanzu ka san amsa.

Abun da ba a son faɗa a zaure shi ne bayan gida. Yawancin Ankara babu babban bututun da ke kwashe ƙazanta, rami kowa ke haƙawa, kuma ramin mutum 90 sai an riƙa kwashewa akai-akai. To motar kwasar ta ina za ta shigo, lungun da mutum biyu sai sun karkata kafin su wuce juna? In ita bata shiga ba motar kashe gobara ma haka, kuma ma'aikatan kashe gobara na cikin waɗanda ke duba fulan irin wannan. Ka auna lungun da tef, ba da ido ba, sannan ka tsaya bakin titi ranar Laraba da kasuwa ke ci, ko Juma'a bayan masallaci, ka ga inda motar kaya za ta tsaya ta sauke wa masu shagunanka.

Wani dattijo a layinmu ya yi duk wannan lissafi tsaf, abu ɗaya ya manta, maƙwabcinsa na dama da na hagu su ma fulan ɗin bene ne a aljihunsu, kowa ya ɓoye wa ɗan uwansa don kar a yi masa baki, su uku suna dogara da taransifoma ɗaya da gwata ɗaya. Da sun zauna da asambaliman, wato wakilin unguwa a asambali, da mai unguwa tun farko da sun kai buƙata ɗaya tare, sun haɗa kuɗin faɗaɗa gwatar. Yanzu in hadari ya haɗo yaran gidajen uku ne ke fitowa da shebur.