Yadda Za Ka Samar Wa Marubuta Masu Ra'ayin Mazan Jiya Gurbi A Kantuna Da Jami'o'in Abuja

Koken cewa kantunan littattafai da jami'o'i suna yi wa marubuta masu ra'ayin mazan jiya riƙon sakainar kashi ya daɗe, kuma a Amurka ya fi amo. A 1951 William F. Buckley ya zargi jami'ar Yale da juya wa addini baya, a 1987 kuma Allan Bloom ya soki tsarin karatun jami'o'in ƙasar a wani littafi da ya yi kasuwa ƙwarai. Wannan kasuwa da ya yi abin lura ce, domin mai kanti ba ya ƙin abin da ake rububinsa. Saboda haka, kafin ka yanke hukuncin cewa da gangan aka ware marubucin da kake so, sai ka fara gano dalilin rashinsa a kanta.

A Abuja dalilin yakan zama kuɗi. Da dala ko fam ake sayo littattafan waje, kuma tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, mai kanti ba ya son ɗaure jarinsa a littafin da zai shekara yana shan ƙura. Ka je masa da cikakken sunan littafin da na marubucin da lambar ISBN, wato lambar shaida da ke bambance kowane littafi, ka nemi a yi maka oda, sannan ka ba da kafin alƙalami. In kun haɗu ku biyar ko goma, maganarku za ta fi nauyi, domin daga nan ne yakan ƙara kwafi biyu ko uku ya ajiye wa wasu. Tsofaffin rubuce-rubuce kuwa, irin littafin da ɗan siyasar Birtaniya Edmund Burke ya wallafa a 1790 kan juyin juya halin Faransa, kyauta ake samunsu a shafin intanet na Project Gutenberg.

Matsalar marubutanmu na gida daban ce, kuma ita ta fi damuna. Fassarorin ayyukan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u, da littattafan malaman da suka bi sawunsu wajen kare tarbiyya da iyali, za ka same su a shimfiɗe wajen masu kasa littattafai a bakin masallatan Juma'a, amma da wuya ka gan su a manyan kantunan Wuse ko Maitama. Da yawansu an buga su ne ba tare da ISBN ba, babu kuma wani dillali da ke rarraba su, alhali kantin zamani da kwamfuta yake lissafin kayansa. Idan kai marubuci ne ko magajin marubuci, ka nemi lambar daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda shi ke bayar da ita a Nijeriya, ka miƙa masa kwafin da doka ta wajabta, sannan ka kai wa kanti kwafi kaɗan bisa sharaɗin sai an sayar a biya ka. Ka tabbata an rubuta yarjejeniyar, har da kason mai kanti.

Batun jami'a ya fi buƙatar haƙuri. Gaskiya ne cewa a shekarun 1970 da 1980 ra'ayin Markisanci, wato gurguzu irin na Karl Marx, ya yi tashe a sassan tarihi da siyasa, musamman a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, amma ko Dakta Yusufu Bala Usman, jagoran wannan tafiya, ya tace kundin nazari kan Daular Usmaniyya ta Sakkwato, don haka ƙofar ba a garƙame take ba. A sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disambar 2022, kashi 70 cikin ɗari na hukumar ne, kashi 30 kuma an bar wa kowace jami'a ta tsara da kanta, kuma ta nan ya kamata a shiga.

Ka fara da malamin da ke koyar da darasin, a Jami'ar Abuja ko wata, kada kuma ka je masa da zargi. Ka kai masa littafin kyauta, ka nuna masa babin da ya dace da darasinsa, ka ba ɗakin karatun sashen wani kwafin. Zai duba ko marubucin ya kawo madogara kuma an tace aikin, kuma a nan dole a faɗi gaskiya: ƙasidar raddi da aka rubuta cikin fushi ba za ta shiga jerin karatu ba, ko wane ɓangare ya rubuta ta. Idan kai ɗalibi ne, ka nemi mai duba aikinka ya amince ka rubuta kundin kammala digirinka a kan marubucin. In kuma ka rubuta sharhin littafin aka buga a jarida irin Aminiya, ka haɗa shafin da takardar da za ka kai wa shugaban sashe.