Bas da shara a jita: inda masu koyo ke tuntuɓe

A Garwa ta ƙasar Kamaru, in la'asar ta yi sanyi, samari kan fito da jita ƙofar gida. Kiɗan da na fi jin ana ɓatawa shi ne wanda ake wa kallon mai sauƙi: a taɓa tsirkiya mai kauri guda ɗaya, wato bas, sannan a share sirara. Ɗaya bas, biyu shara, uku bas, huɗu shara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bugun tsirkiyar da ba ita ba. Kowane akor, wato sautukan da ake haɗawa a buga tare, da tasa tsirkiyar bas; ana kiransu da sunaye irin su Sol, Do da Re. Bas ɗin Sol yana kan tsirkiya ta shida (wadda ta fi kauri; daga siririya ake fara ƙirga), gaɓa ta 3 a wuyan jita. Na Do yana kan ta biyar, gaɓa ta 3. Na Re kuwa ta huɗu ce a sake, wato ba a danne ta ba. Yaro ya kama Re ya bugi ta shida, sai sautin Mi ya kutso ya dagula sautin, shi kuma bai ma ji ba, don idonsa da hankalinsa duk suna kan hannun hagu. Ɗan'uwa, ajiye shara tukuna. Yi kwana uku kana buga bas kaɗai, ba ka kallon hannu, har babban yatsa ya san hanyar gida. Bayan nan ka koya masa sauyi a bugu na uku: a Sol ya koma ta huɗu a sake, a Re ta biyar a sake, a Do ta huɗu gaɓa ta 2. Wannan kai-komon shi ke sa kiɗa ya yi tafiya.

Sai tsayawa wajen canza akor. Hannun dama ya daskare yana jiran hagu ya shirya. Ka taɓa ganin mai kalangu ya dakata don mai rawa ya gyara zani? Buɗe metronom, wato manhajar ƙirga bugu, a waya, sa shi a bugu 60 a minti, ka riƙa buga ƙafa. Yatsan da ke danne bas shi zai fara sauka, sauran su iske shi kafin shara ta zo. Ko an yi kuskure, dama kada ta tsaya.

Wasu kuma shararsu ce ke binne bas. Sirara uku ko huɗu sun isa, da wuyan hannu, ba da kafaɗa ba.

In kiɗan mai bugu uku ne, bas ɗaya ne, shara biyu. Kada ka cusa bugu na huɗu.

Kuma ka duba saitin tsirkiyoyi kafin ka zargi yatsunka. Hunturu na busar da katako, zafin Afrilu a nan kan haura digiri 40, tsirkiya ba ta zama inda ka bar ta jiya. Daga mai kauri zuwa siririya: Mi, La, Re, Sol, Si, Mi. Ɗaura su daidai duk lokacin da ka ɗauki jitar.