Yadda Ake Gano Abin da Ke Sa Tsohuwar A-kori-kura Misin da Shaƙewa

Kafin ka bar kowa ya kwance maka kafireto, fara sanin irin ciwon da ke damun motar. A garejin Sakkwato, da ka ce mota ba ta ja, sai yaron bakanike ya ɗauki sukuddireba ya nufi kafireto, alhali sau da yawa laifin na wayar fulogi ɗaya ne.

Ciwon iri biyu ne. Idan injin na karkarwa a silo, wato ba a taka totur ba, salansa na fut-fut a kai a kai, to silinda guda ce ba ta ƙona mai. Shi ake kira misin. Idan kuwa silo lafiya lau, amma da ka taka totur sai ta shaƙe, ko ta riƙa fizga in ka ɗauko buhunan albasa daga Goronyo, abin ya shafi silindodin duka: mai, iska ko kwayil, mai ba fulogi wuta.

In misin ne, fara da wuta. Tayar da injin, ka ɗauki filaya mai hannun roba, ka cire wayar fulogi ɗaya, ka saurara, ka mayar, ka wuce ta gaba. Wadda ka cire injin ya ƙara raunana, silindarta na aiki. Wadda ka cire bai ko ji ba, ita ce mai laifi. Riƙe bakin wayar kusa da ƙarfen injin don wutar ta samu wurin tsalle, kuma kada ka daɗe, musamman a mota mai na'urar wuta ta lantarki. Da hannu tsirara kuwa, kwayil zai gaisa da kai.

Bari injin ya huce, ka kwance fulogin nan ka duba bakinsa da kyau, domin nan labarin yake. Baƙi busasshe mai kunkunniya, fetur ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Baƙi jiƙe da baƙin mai, zoben fistin ko robar bawul sun gaji, kuma sabon fulogi ba zai jima ba zai koma haka. Fari fat, mai bai isa ba ko iska na satar shiga. Wanda ya fito tas kamar an wanke shi, alhali sauran da datti, ka zargi gaskit ɗin kan injin, ruwan lagireto na shiga ciki. Tazarar bakin fulogi a injin 22R na tsohuwar Hilux mai kafireto milimita 0.8 ce. Sai ka musanya fulogin da na maƙwabciyar silinda: in misin ya bi shi, an gama. In ya tsaya inda yake, musanya wayar ko ka duba murfin mai raba wuta, ko ya tsage. Wajen mayar da wayoyi, jerin wutar injin nan 1-3-4-2 ne. Da dare ma ka buɗe bonet injin na aiki. Waya mai yoyo za ka ga tartsatsinta shuɗi.

In shaƙewa ce, cire filtar iska tukuna. Bujin hunturu guda ya isa ya toshe ta. Da injin a kashe, leƙa maƙogwaron kafireto, wani ya taka totur. Ya kamata ka ga fetur ya yi tsartuwa siriri. In babu, alhali fetur na isa kafireto, ɗan famfon cikinsa ya mutu ko ya toshe, yanzu kam kwancewar ta halatta. Canja filtar fetur, ba ta da tsada. In ka saba saye wurin 'yan bumburutu, tsiyayi kaɗan cikin kwalba ka ajiye. Ruwa zai kwanta a ƙasa.

Akwai motar da sai ta yi zafi take tsiya. A watan Afrilu, da zafin garin nan ya haura digiri 40, fetur kan zama tururi cikin bututun da ke kusa da injin, kwayil mai tsufa kuma ya daina ba da wuta sai ya huce. Da ta mutu a hanyar Illela, gwada nan take: akwai tartsatsi? In akwai, nemi mai. In babu, aikin rewaya ne.

Wuta da mai duk lafiya, misin na nan? Sa a auna matsin kowace silinda. In ɗaya ta faɗi ƙasa sosai, a zuba cokalin baƙin mai ta ramin fulogi a sake. Matsin ya tashi, zobe ne. Bai tashi ba, bawul ne. Biyu masu maƙwabtaka suka faɗi tare, gaskit ya ƙone a tsakaninsu, sai an ɗaga kan injin.