Yadda Za Ka Shirya Waƙarka Kafin Ka Kai Wa Mujallar Adabi ta Jami'a

1. Nemi fitowar mujallar ta baya ka karanta. A nan za ka ga tsawon waƙoƙin da editoci ke karɓa.

2. Zaɓi waƙa ɗaya ko biyu, kada ka kwashi kundinka gaba ɗaya.

3. Rera ta da babbar murya. Wannan ne matakin da ɗalibai suka fi tsallakewa, alhali kunne ke kama ɗangon (wato layin waƙa) da ya karye, ido kuwa sai ya wuce shi. Idan ƙwar biyar ce, ƙirga ɗango biyar a kowane baiti, ka tabbata babban amsa-amo, wato sautin da ɗangon ƙarshe na kowane baiti ke ƙarewa da shi, bai sauya ba har ƙarshe. Kalmar da ka cusa don ƙafiya (amsa-amo) kawai, cire ta. Edita zai gane.

4. Gyara ƙa'idojin rubutu: ƙ, ɗ da ɓ su fito da lanƙwasarsu, "yana" a haɗe, "za ka" a rabe.

5. Ba wani malami ko ɗan ƙungiyar marubuta ya duba maka.

6. Rubuta sunanka da sashenka, ka ajiye kwafi, sannan ka aika kafin ranar rufewa.