Yadda ɗan gidan sarauta zai tunkari ƙage a fada

A Bauchi, inda zuriyar Malam Yakubu, Sarkin Bauchi na farko, ta yi rassa zuwa gidaje da dama, ƙage ba ya tashi haka kawai. Yakan taso ne idan wata sarauta ta faɗi, aka fara raɗe-raɗin wanda za a naɗa. Saboda haka wanda aka jefa da magana ya fara duba lokacin da ta fito da wanda zai ci gajiyarta idan rawani ya wuce shi, domin bafaden da ya yayata ta sau da yawa ɗan aike ne kawai.

Kada ya mayar da martani a Facebook, kada kuma ya bar maroƙansa su yi zambo, don wannan ne ke isar da maganar kunnen da bai ji ta ba. Ya nemi dattijon da Sarki ke jin maganarsa, kamar Galadima ko Liman, ya same shi a zaure bayan jama'a sun watse, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce: “Ranka ya daɗe, ga abin da ake faɗa, ga kuma yadda abin yake.” Ya faɗa sau ɗaya, ba tare da ambaton wanda yake zargi ba.

Zargin kuɗi ya fi kowane haɗari, domin shi ne ke ba gwamnati ƙofar shiga. A Kano, Sarki Muhammadu Sanusi na Ɗaya ya yi murabus a 1963 bayan binciken kuɗin En'e (hukumar mulkin gargajiya) da wani jami'in gwamnati Bature mai suna Muffett ya jagoranta. Duk mai riƙe da gunduma ya adana rasit, takardun filaye da sunayen shaidu tun kafin a tambaye shi, kuma idan takardar koke ta isa gidan gwamnati, ya amsa a rubuce, ya ba majalisar masarauta kwafi.

Ƙazafin da ya taɓa matan gida shi ya fi ƙona rai, kuma a ganina babu sarautar da ta cancanci a zubar da mutuncin 'yar mutane saboda ita. A zargin zina, Shari'a ta buƙaci shaidu 4, ta tanadi bulala 80 ga wanda ya kasa kawo su. A kai irin wannan gaban alƙali ko malamai, a kuma gargaɗi barorin gida kada su rama da irinsa.