Yadda Za Ka Fara Ƙirƙirar Kiɗa Nan Take da Kod Huɗu a Jita

Wanda ya iya riƙe kod (wato sautuka da yawa da ake kaɗawa tare) guda huɗu, G, C, D da Em, yana da abin da ya ishe shi ya fara ƙirƙirar kiɗa daga kansa, ba sai ya bi waƙar wani ba. Inda yawancin masu koyo ke faɗuwa shi ne hannun dama yakan tsaya cak duk lokacin da hankali ya tafi neman inda hannun hagu zai sauka. Saboda haka ka riƙe ƙa'ida ɗaya tun yanzu: bugu ba ya tsayawa, kuma abu ɗaya tak ake canzawa a lokaci guda.

Fara da saita jitar. Daga tsirkiya ta shida, wato mai kaurin nan ta sama, zuwa ta ɗaya siririya, sautukan su ne E, A, D, G, B, E. Manhajar saiti ta waya ta wadatar. Sabbin tsirkiyoyi suna miƙewa a kwanakin farko, kuma da hunturu katako yana bushewa, saiti ya riƙa zamewa, don haka ka duba duk lokacin da ka ɗauki jitar. Wanda ke atisaye da jitar da ba ta saitu ba, kunnensa yake ɓatawa.

Za mu rubuta kowane kod da alamomi shida, daga tsirkiya ta shida zuwa ta ɗaya. Lamba tana nuna gaɓar da za a danne a wuyan jita, wato ratar da ke tsakanin ƙarafan da aka jera a kansa, 0 na nufin a kaɗa tsirkiyar a sake, x kuma kar a taɓa ta.

Me ya sa waɗannan huɗun suke jituwa? Dukkansu daga jerin sautuka bakwai na G aka gina su: G, A, B, C, D, E, F# (sautin da ke gaɓa ɗaya sama da F). G shi ne gida, inda kunne ke hutawa. D shi ne mai ja, da zarar an kaɗa shi kunne yana jiran a koma G. C yana tsakani, yana buɗe hanya ba tare da matsi ba, Em kuma yana kawo taushi da ɗan jimami. In ka gane wannan, ka daina zaɓen kod da ka: in kana son kammala magana, ka bi ta D ka sauka a G, in kana son ta ci gaba, ka bi ta D ka faɗa Em, kunne ya ji an ɗan yaudare shi.

Don sauƙin sauyi, yi amfani da wannan riƙon maimakon na littafi: G 320033, Cadd9 x32033, Em7 022033, Dsus4 xx0233. Duba lambobi biyun ƙarshe, ba sa canzawa. Yatsan zobe yana zaune a gaɓa ta 3 ta tsirkiya ta biyu, ƙaramin yatsa a gaɓa ta 3 ta tsirkiya ta ɗaya, manuniya da yatsan tsakiya kaɗai ke yawo. Rabin wahalar sauyi ta tafi ke nan.

Kunna manhajar ƙirga bugu a kan 60 a minti. Kowane kod ya samu bugu huɗu zuwa ƙasa: G, Em7, Cadd9, Dsus4, a sake komawa G. In ka yi zagaye goma ba tare da ka makara ba, sai wasan ya fara. A bugu na uku na kowane kod, ka yanke shawarar wanda zai biyo baya, ko wanne ne daga cikin huɗun, a bugu na huɗu yatsu su fara tashi, a na ɗaya su sauka. Idan yatsu ba su iso a kan lokaci ba, ka kaɗa tsirkiyoyin a sake, kar ka jira su. Mai sauraro ba zai lura da bugu ɗaya na tsirkiya a sake ba, amma zai ji tsayawar rabin daƙiƙa nan take. Idan 60 ta yi maka sauri, sauko 50, babu abin kunya a ciki.

Daga nan sai musanya. G ya ƙunshi G, B, D, shi kuwa Em ya ƙunshi E, G, B, sun yi tarayya a sautuka biyu, shi ya sa ɗaya ke iya tsayawa a gurbin ɗaya. Haka C mai C, E, G yake da Am mai A, C, E. Ɗauki jerin G, C, G, D. A zagaye na biyu ka sa Em a gurbin G na biyu, a na uku ka sa Am x02210 a gurbin C. Jerin bai rushe ba, amma launinsa ya sauya.

Wurin da ya fi cancantar ka daɗe shi ne ado a cikin kod ɗaya, domin a nan ne kiɗa ke fara kama da magana. Riƙe D na asali, xx0232. Ɗora ƙaramin yatsa a gaɓa ta 3 ta tsirkiya ta ɗaya, ka samu Dsus4. Ɗage shi, ka dawo D. Ɗage yatsan tsakiya gaba ɗaya, tsirkiyar ta zama a sake, ka samu Dsus2, xx0230. Sautuka uku ke nan a saman kod ɗaya, G, F# da E, kuma tsirkiya ta ɗaya ita kunne ya fi kamawa, don haka duk yadda ka jera su ƙaramar waƙa ce ke fitowa. Am ma haka: ɗage manuniya ka samu x02200, ɗora ƙaramin yatsa a gaɓa ta 3 ta tsirkiya ta biyu ka samu x02230. A kan C x32010, ɗage yatsan tsakiya daga tsirkiya ta huɗu, kaɗa, sannan ka buga yatsan a gaɓa ta 2 da ƙarfi ba tare da ka sake kaɗawa ba. In sautin ya mutu, yatsan a hankali ya sauka ko kuma nesa da ƙarfen gaɓa. Da kan yatsa ake bugawa, da sauri, dab da ƙarfen. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne cika ado. Sau ɗaya a cikin bugu huɗu ya isa, kuma ya fi daɗi a bugu na uku ko na huɗu.

Tsirkiyoyi masu kauri kuma su ne gadar da ke haɗa kod da kod. Daga G zuwa Em, kaɗa tsirkiya ta shida kaɗai a gaɓa ta 3, ta 2, sannan a sake. Daga C zuwa Am, haka ɗin dai a tsirkiya ta biyar. In hawa kake so daga G zuwa C: ta shida a gaɓa ta 3, ta biyar a sake, gaɓa ta 2, gaɓa ta 3. Sautin tsakiya wucewa ake yi ta kansa, a sa shi a bugu na huɗu, ba a zama a kai.

Idan kana son saka 'yan sautuka ɗai-ɗai tsakanin kod, ɗauki biyar kawai: G, A, B, D, E. A bakin wuyan jita suna nan: tsirkiya ta shida, ta biyu da ta ɗaya a sake da gaɓa ta 3, ta biyar, ta huɗu da ta uku a sake da gaɓa ta 2. An cire C da F# ne saboda su ne masu karo. C tazararsa da B gaɓa ɗaya ce kacal, in ka riƙe shi a kan kod ɗin G sai a ji suna gogayya. Kunnen da ya saba da kiɗan jitar Abzinawa na Agadas zai gane wannan jerin da wuri, domin kiɗan nasu galibi a kan sautuka biyar yake, kuma sukan daɗe a kan kod ɗaya ko biyu suna juya shi. Gwada bugu biyu na kod, bugu biyu na sautuka uku ko huɗu, ka tabbata sautin ƙarshe yana cikin kod ɗin da za ka shiga.

Bayan wannan ya zauna a hannu, haura tsakiyar wuya da tsirkiyoyi uku sirara kaɗai, ta uku, ta biyu da ta ɗaya. G shi ne 7-8-7, Em 9-8-7, C 9-8-8, D 7-7-5. Daga G zuwa Em sauti ɗaya ne ya motsa, daga Em zuwa C ma haka. Wannan riƙon ya fi amfani in kuna kaɗawa ku biyu, ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, ba wanda ya danne wani. In kai kaɗai ne, ɗauki jerin kod huɗun a waya na minti biyu, ka kunna, ka bi kansa.

In tsirkiya tana zizar ƙarfe, yatsa ya yi nisa da ƙarfen gaɓa, matso da shi maimakon ƙara ƙarfin dannawa. In wata tsirkiya ta yi shiru, cikin wani yatsa ne ya kwanta a kanta: lanƙwasa yatsun, yanke farcen hannun hagu. In D ya fito a dagule, kana haɗawa da tsirkiya ta shida ne, daga ta huɗu ake fara shi. In kuwa dannawa tana cin yatsa fiye da kima, auna tazarar tsirkiya ta shida da ƙarfen gaɓa ta 12. Wajen milimita 2 zuwa 3 ne daidai a jitar katako. In ta zarce haka sosai, kai wa mai gyara ya rage.

Minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar Lahadi kaɗai, domin fatar kan yatsa da maimaici take tauri. Raba shi uku: biyar na sauyin kod da ƙirga, biyar na ado a kan kod ɗaya, biyar na ƙarshe ka ɗauki kanka a waya kana kaɗa abin da ya zo. Wajen sauraro, ka ƙirga wuraren da bugu ya tsaya. In sun wuce biyu, gobe ka rage sauri da biyar ka maimaita jerin.