Ga mai son karanta kos ɗin tsaron intanet a jami'a

Hutun da ya wuce ina zaune shagon cajin waya nan Tudun Wada a Gusau sai wani yaro ɗan makwabtanmu ya matso ya durƙusa, wai Yaya an ce kai ka karanta sayiba sekuriti, don Allah ka koya min yadda ake hakin Facebook, akwai wanda nake son in yi maganinshi. Na yi dariya na ce masa tashi ka zauna tukuna. To irin tambayar nan ta ishe ni, shi ya sa na ce bari in rubuta abin gaba ɗaya kowa ya karanta, musamman ƙannenmu da za su cike JAMB bana.

Da farko dai kos ɗin nan karatun kwamfuta ne tsantsa, lissafi ne da rubuta kod da sanin yadda na'urori ke magana da junansu, kutsen da kake gani a fim ɗan guntu ne daga ciki kuma sai can gaba za ka taɓa shi. In ba ka shiri da lissafi ka yi tunani tun yanzu, don darasin ɓoye saƙo, wanda shi ne ke kare kuɗinka lokacin da ka yi taransifa, kusan duk lissafi ne.

Maganar shiga. Kana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki dole da Turanci da lissafi da fiziks. A JAMB ma Turanci da lissafi da fiziks ne, na huɗun galibi kemistiri, amma ka buɗe littafin JAMB na kwasa-kwasai ka duba abin da makarantar da kake so ta ce, kada ka bar mai kafe ya zaɓa maka, da yawa nan ne sunka rasa admishan ba su san dalili ba. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana cikin waɗanda sunka daɗe da sashen, can shekara 5 ne, Jami'ar Bayero a Kano shekara 4, akwai kuma Jami'ar Tarayya ta Dutse. Kafin ka biya ko sisi ka tabbatar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta amince da kos ɗin a makarantar. Wanda ya yi difloma, misali a Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, yana iya neman shiga kai tsaye aji biyu. Kuma in kimiyyar kwamfuta ka samu a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko ta Birnin Kebbi ko Aliero, wallahi ka karɓa kada ka zauna gida jiran shekara mai zuwa, rabin mutanen da muke aiki tare abin da sunka karanta ke nan. Kuɗin makaranta kuma tun 2024 akwai rancen NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati.

Yanzu ga inda maganar take. Laftof. Ko ta hannu ce ba komai, amma ta kasance RAM ɗinta, wato ƙwaƙwalwar aikinta, giga 8 ne aƙalla, in da hali 16, da SSD, wato ma'ajiya mai sauri, da batiri mai riƙe caji tunda ka san halin wuta a wajenmu. Ka sa VirtualBox, manhajar da ke ba ka damar kunna wata kwamfuta cikin taka, kyauta ne, cikinsa ka ɗora Kali Linux, babbar manhaja irin Windows mai ɗauke da kayan gwajin tsaro, da wata kwamfutar bogi da za ka riƙa kai wa hari, ka ga ke nan kana da ɗakin gwaji naka cikin jakarka ba ka taɓa kayan kowa ba. Ni ranar da abin ya shiga raina ina aji ɗaya ne, na buɗe Wireshark, manhajar da ke nuna saƙonnin da ke wucewa a netwok, na shiga wani shafin gwaji da na haɗa wanda ba shi da makullin nan na https, na rubuta kalmar sirri, sai ga ta tsirara a allo harafi bayan harafi kamar an rubuta da alli. Na fi minti biyar ina kallonta. Tun ranar ban ƙara shiga wayfay ɗin da ban sani ba na buɗe manhajar banki.

Ka fara da Linux har yatsunka su saba da baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, sannan netwok, ka san mene ne adireshin IP da yadda saƙo ke tashi daga wayarka ya isa sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafi, sannan Python, yaren rubuta kod. Kada ka yi tsalle zuwa kayan kutse ba ka san waɗannan ba, za ka zama mai danna maɓallin da bai san abin da yake yi ba. Cisco Networking Academy na da darussa kyauta, TryHackMe na da ɓangaren kyauta, picoCTF da OverTheWire wasanni ne na gwada ƙwaƙwalwa. Awa ɗaya kullum bayan Isha'i ta fi kwana biyu a jere sau ɗaya a wata. Duk abin da ka warware ka rubuta yadda ka yi ka ajiye a GitHub, shafin da masu kod ke ajiye aikinsu, ranar neman aiki shi za ka nuna.

Wata shawara ta mu ƴan Zamfara, duk littafi ko bidiyon da ka samu ka sauke ka ajiye a ma'ajiyar kwamfutarka. Wanda ya ga watan Satumba na 2021 lokacin da anka rufe netwok a jihar nan, mutane na tafiya har Funtuwa don su yi waya, ya san dalilin da ya sa na faɗi haka. Waɗanda sunka tara kayan karatu su kaɗai sunka ci gaba.

Lokacin SIWES, wata shidan nan na koyon aiki, kada ka kai takardarka ofishin kawunka inda za ka wuni kana sayo wa mutane abinci ana sa maka hannu. Nemi banki ko kamfanin sadarwa ko sashen kwamfuta na jami'a, ko da jan waya da saita rawuta, na'urar raba intanet, za su sa ka. Satifiket na ƙwarewa kuma, Security+ na CompTIA da CCNA na Cisco su ne masu ɗaukar aiki sunka fi tambaya ga sabon shiga, da dala ake biya don haka ka fara tari da wuri. OSCP, satifiket ɗin gwajin kutse, ka bar shi sai ka yi ƙwari.

To wane aiki ake samu? Mafi yawa ana farawa ne a ɗakin sa ido, inda ake zama gaban allo ana karɓa-karɓa dare da rana ana duba ƙararrawa, wato gargaɗin da na'ura ke bayarwa in ta ga abin zargi. Ba abin burgewa ba ne kullum, sai ka duba ƙararrawa hamsin duk na banza, sannan ƙarfe biyun dare ka ga wani yana ta gwada kalmar sirrin wani ma'aikaci daga wata ƙasa, ka toshe shi ka rubuta rahoto. Ka lura, rahoto, don haka Turancinka ma ka gyara shi. Akwai masu gwajin kutse da izini, kamfani ke biyansu su fasa shi su faɗa masa inda ƙofar take. Akwai masu binciken waya da kwamfuta bayan an yi laifi, irinsu EFCC da cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta ƴan sanda ke nema. Akwai ɓangaren odit da bin doka, wanda ya buɗe sosai tun da anka sa hannu kan dokar kare bayanai a 2023, ga kuma bankuna da Babban Banki ya wajabta wa tsarin tsaro. NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani, da ngCERT, cibiyar gwamnati mai kai ɗauki in anka kai harin intanet, ma suna nan. Gaskiya yawancin guraben Legas da Abuja suke, amma ana aiki daga gida in kana da sola da netwok mai kyau. Ƴan mata kuma kada a ce muku na maza ne, a ajinmu wadda ta fi kowa iya binciken ƙwaƙwaf mace ce.

Shi kuwa yaron nan na shagon caji na ce masa shiga asusun wani ba izini laifi ne ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015 da anka gyara a 2024, akwai tara akwai ɗauri, kuma banki ba zai ɗauki mai irin wannan tarihin ya ba shi makullin sabar ba, ko wayfay ɗin makaranta kada ya gwada Nmap, manhajar leƙa ƙofofin netwok, a kai sai da izini a rubuce. Na karɓi filashinsa na zuba masa VirtualBox da Kali, wajen giga 4, na ce ya dawo in ya haye mataki goma na farko a wasan Bandit na OverTheWire. Shekaranjiya ya turo min saƙo wai ya maƙale a na biyar.